Fatar da Lawali Wanzami Ya Bari

A Maruda, idan aka ce Lawali sai an tambaya wane Lawali. Idan aka ce Wanzami kuwa, mutum ɗaya ake nufi. Dogo ne siriri, da ɗan rankwafawa irin ta wanda ya shekara arba'in yana sunkuyo a kan kawunan mutane. Yatsunsa kullum a sanyaye suke ko da rana ta take, har jarirai kan yi shiru idan ya ɗora musu hannu a goshi. Ya gaji aska daga mahaifinsa, kuma tare da askar ya gaji gidaje: unguwanni biyu a Maruda, da wasu gidajen malamai a Gwandu, da rugage huɗu na Fulanin da suka zauna a makiyayar gabas tun kafin a haife shi. A al'adar wanzaman wannan yanki, gidan da wanzami ya gada nasa ne. Shi zai yi askin suna, shi zai yi ƙaho, shi zai yi wa yaran gidan kaciya, kuma wani wanzami ba ya buɗe zabirarsa a ƙofar gidan sai mai gadon ya sallama masa da bakinsa.

Aski da ƙaho kowa na gani. Abin da ba a gani shi ne abin da wanzami ke ɗauke da shi a ciki. Shi ne baƙon namiji na farko da ake miƙa wa jariri ran suna, shi ne kuma wanda magidanci ke ja gefe bayan la'asar, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ke damunsa. Lawali ya ji, ya gani, bai taɓa maimaitawa ba. Matarsa Ladi takan ce zama da shi kamar zama da tsohuwar rijiya ne, ka jefa dutse ka kasa kunne, ko ƙarar ruwa ba za ka ji ba.

Cikin abubuwan da yake gani akwai wani da kan zo sau ɗaya a shekara biyu ko uku. Sai ya warware zanen jariri ya tarar fatar gabansa ba ta rufe kai ba, ta taru a sama kamar hula, ƙasan a buɗe, ƙofar fitsari kuma ba a kan tsini take ba, ta sauko ƙasa. Mahaifinsa ya koya masa cewa wannan kaciyar mala'iku ce. A yi wa iyaye barka, a ce yaro mai albarka ne, idan lokacin shayi ya zo a cire ragowar fatar a cika sunna. Haka Lawali ya yi ta yi da zuciya ɗaya. Da yake kuma namiji a ƙasar nan tsugunawa yake yi wajen fitsari tun yana ƙarami, ba mai lura da komai. Abin sai ya kwanta shiru shekara ashirin, sai aure ya tashe shi.

Wanda ya buɗe wa Lawali ido wani tela ne a Gwandu mai suna Ibrahim, ana ce masa Iro. Lawali ne ya yi masa kaciya yana ɗan shekara bakwai. Yana da ashirin da bakwai, shekara huɗu da aure ba haihuwa, ya zo Maruda ya zauna a zauren Lawali har aka yi azahar aka yi la'asar kafin ya iya magana. Ya ce ba wanda zai iya gaya wa sai wanda ya riga ya gani. Lawali ya ba shi saiwoyi na wata uku, ba su yi komai ba. Daga ƙarshe ya daure zuciya ya raka shi babban asibiti a Sakkwato.

Likitan tiyatar dattijo ne mai furfura a gemu. Da ya gama duba Iro ya fito yana wanke hannu, ya tambaya wa ya yi kaciyar nan. Lawali ya gyara zama ya ce shi ne.

"Aikinka da tsabta," in ji likitan. "Amma ƙyallen da zan yi ɗinki da shi ka yanke ka zubar."

Ya zaunar da shi ya zana masa a takarda. Bututun fitsari ne bai ƙarasa haɗuwa ba tun yaro na ciki, kuma wannan fatar da ta taru a sama ita ce likita ke juyowa ya ƙarasa hanyar da ita. Idan babu ita, sai an nemo wata. Daga cikin kumatun Iro aka yanko. Sau uku aka shiga da shi ɗakin tiyata cikin shekara ɗaya da rabi. Lawali ya zauna a gefen gado yana kallon saurayin da ya kasa tauna tuwo, yana kurɓar kunu da gefen baki hawaye na sauka. Iro ya samu sauƙi, bai kuwa taɓa ɗora wa kowa laifi ba, kuma wannan ya fi yi wa Lawali nauyi. Da ya dawo Maruda, kwana tara bai buɗe zabirarsa ba.

Bayan wata bakwai wata farar mota ta tsaya a ƙofar gidansa. Wadda ta fito mace ce mai tabarau, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi da Baba. Ta ce sunanta Ummulkhairi, likita ce, tana koyarwa a jami'ar da ke Kalgo, kuma likitan Sakkwato ne ya ba ta labarin wani wanzami mai yawan tambaya. Da ta faɗi gidansu a Gwandu, Lawali ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba.

"Ashe ke ce. Ni na fara aske kan nan da aka cika da boko. Kin yi kuka har limamin ya manta addu'a."

"To Baba, ramuwa na zo yi," ta ce. "Yau kai za ka zauna in sa maka hannu a kai."

Abin da take bincika shi ne yara nawa ake haifa da irin wannan halitta a ƙasar Gwandu da Kalgo, da kuma abin da ke kawo ta. Ta duba takardun asibitoci ta samu kaɗan ƙwarai, domin yawancin haihuwa a ɗaki ake yi, kuma abin da ya shafi al'aura ba a kai shi gaban baƙo. Ta gane cewa littafin da take nema ba a kan kanta yake ba, yana cikin kawunan wanzamai da ungozomomi.

Lawali ya ce ba zai ba ta suna ko ɗaya ba. Ta ce ba ta so. Suka yi yarjejeniya a nan cikin zaure: shi zai fara shiga gida shi kaɗai ya yi magana da maigida, idan an yarda sannan ta zo, kuma a takardarta lamba za a rubuta a madadin suna. Ya rufe ido ya fara tunawa, ba da lissafin shekarun Bature ba, da nasa. Wanda aka haifa shekarar da ruwa ya ci fadama. Wanda aka haifa shekarar ciwon shanu. Tagwayen da ɗaya ya zo da abin, ɗaya bai zo da shi ba. Goma sha tara ya ƙirga cikin shekara arba'in.

Shekara biyu suka yi suna wannan yawo. Ita tana tambayar uwaye a cikin ɗaki, shi yana zaune da maza a waje yana rage musu gashi don zancen ya yi sauƙi. Tana tambaya ko uwa da uba 'yan uwan juna ne, ko an haifi yaron ƙarami, ko uwar ta shiga gonar albasa lokacin feshi tana da ƙaramin ciki, ko a ɗakin kwana ake ajiye galan ɗin maganin ciyawa, ko ta sha wani magani don kada cikin ya zube. Lawali ne ya nuna mata cewa uku daga cikin goma sha taran kakarsu ɗaya ta wajen uwa, abin da su kansu iyayen ba su haɗa ba, domin aure ya rarraba su garuruwa. Ta ajiye alƙalami ta dube shi. Ya kuma kai ta wajen wasu yaran da 'ya'yan marainansu ba su sauko ba, da wani jariri guda da aka kasa gane namiji ne ko mace, inda ta roƙi iyayen su jinkirta yanke hukunci har a yi gwajin jini.

Wata ranar Alhamis, suna dawowa daga Ceberu, ya tambaye ta kai tsaye mene ne ke kawo abin, gado ne ko feshi. Ta ce akwai alamar gado a wasu, ana zargin wasu magungunan gona a wasu ƙasashe, amma a yawancin yaran ba wanda ya san dalili tukuna, har da ita. Lawali ya sha zama da masu magani iri-iri, bai taɓa jin wanda ya ce bai sani ba. Daga ranar ya daina ce mata ɗiyata a gaban mutane, sai Likita.

Gida goma sha takwas ya shiga. Na goma sha tara ya yi ta ɗaga shi, yau gobe, har sanyi ya shigo aka gama kai amfanin gona rumbu. Gidan Ardo Usman ne, shugaban rugagen gabas, abokinsa tun suna samari. Shekara shida da suka wuce, kafin Iro, kafin Sakkwato, an miƙa wa Lawali jikan Ardo, Usama ɗan Basharu da Madina. Ya warware zane, ya gani, ya ɗaga murya ya yi barka. Ardo ya yi murna har ya aika masa da ƙwaryar man shanu. Tun daga lokacin ake nuna yaron a rugar ana cewa ga wanda mala'iku suka taɓa.

To a wannan sanyin sai ga saƙo daga Ardo: yara bakwai sun isa shayi, a zo a sa rana. Usama na cikinsu.

Lawali ya hau tsohon babur ɗinsa da hantsi. Ya tarar da Ardo a gindin gawo, shanu sun fita, sai 'yan maruƙa a ɗaure.

"Ga ɓarawon suma ya iso," in ji Ardo. "A ɓoye kawuna."

"Naka kan ai ko ɓarawo ya tausaya mai, Allah shi daɗe da ranka. Mi ya rage a sata?"

Aka kawo fura da nono, aka gaisa, aka tambayi shanu. Sannan Lawali ya ajiye ludayi ya ce zai yi wa shida, amma Usama ba zai taɓa shi ba. Ya yi bayanin bututu da fata da likita yadda ya iya. Ardo ya saurara fuskarsa na canzawa. Da farko ya mayar da abin wasa, ya ce idan hannu ne ya fara rawa a faɗa, tsufa ba abin kunya ba ne. Da ya ga Lawali bai yi dariya ba, sai ya miƙe zaune.

"Ba kai ka ce albarka ce ba? A nan wurin, da bakinka?"

"Ni na faɗa. Ban sani ba na faɗa."

Ardo ya ce ba zai yiwu a yi wa ƙannen yaro shayi a bar shi ba. Ya ce kafin a yi magariba mata sun kai zancen bakin rijiya, kafin sati yara sun laƙa masa suna, kuma sunan da aka laƙa wa yaro a ruga shi ne zai bi shi har ranar da zai je neman aure a ce babu. Idan Lawali ba zai yi ba, ya sallama gidan a kira wani. Lawali ya ce ba zai yi ba, kuma ba zai sallama ba. A iya sanin dattawa ba a taɓa jin wanzami ya haɗa waɗannan biyun ba. Ardo ya juya masa ƙeya, ko sai an jima bai ce ba.

Washegari wani matashin wanzami daga Ceberu, Shamsuddeen, mai aiki da safar hannu da allurar kashe zafi, ya zo zauren Lawali. Ardo ya aika masa, shi kuma ya zo neman sallama yadda al'ada ta ce. Lawali ya share ƙasa da tafin hannu ya zana masa abin da aka zana masa a Sakkwato, ba tare da ya ce wane yaro ne cikin bakwai ɗin ba. Shamsuddeen ya daɗe yana kallon zanen. Ya ce shi ma ya taɓa yanke irin wannan sau ɗaya bara. Ya tashi ya koma Ceberu bai bi ta ruga ba.

Wannan ya ƙara wa Ardo fushi. Ya aiko cewa ran Asabar zai sa ɗansa Basharu ya kai yaron cikin gari, wajen wani mai shagon magani da ke yi wa kowa kaciya ba ya tambayar gidan wa. Ranar Laraba ce. Lawali ya ƙirga kwana uku a yatsunsa, ya san idan aska ta bi ta wurin nan sau ɗaya, ba Likita ba, ko dattijon Sakkwato ba zai mayar da abin da aka zubar ba.

Ran Alhamis da safe Madina ta shigo gidan da ƙwaryar nono a ka, kamar mai talla. Ba ta nemi Lawali ba. Ta zauna a madafa wajen Ladi, ta juya baya ga ƙofa, ta yi magana ƙasa-ƙasa da sanin cewa maigidan na bayan zana yana wasa aska. Usama ɗan farinta ne, don haka ba ta kama sunansa, sai dai ta ce yaron can. Ta ce ita ta yi masa wanka shekara shida, ita ke wanke wandonsa, ta san yadda fitsari ke bin cinyarsa, kuma tun yana goye zuciyarta ba ta kwanta da zancen barka ba, don ba ta taɓa jin mala'iku sun bar aiki rabi ba. Ba ta da bakin magana gaban surukinta, Basharu ma haka. Amma tsohon, in ji ta, ba asibiti yake tsoro ba. Bakin mutane yake tsoro. Ta sauke nonon, ta ƙi karɓar komai, ta fita.

Ladi ta leƙo bayan zana ta ce, "Ka ji dai. Kana ta faɗin abin da ba za ka yi ba. Ka gaya musu abin da za ka yi."

Da la'asar ya koma ruga. Ardo bai ba shi tabarma ba, sai ya tsuguna a ƙasa. Ya ce ya zo ya faɗi abin da bai taɓa gaya wa kowa ba, ko Ladi. Ya ba shi labarin wani yaro da ya yi wa kaciya da hannunsa, da yadda ya girma, da shekara huɗu na aure, da tiyata uku, da naman da aka yanko daga cikin bakinsa. Bai rage wa kansa laifi ba. Ardo ya saurara yana tsokanar ƙasa da sanda.

"Wane ne? Ɗan wane gida?"

"Ba ni faɗi."

"Ni ne fa, Lawali. Shekara hamsin muna tare."

"In na gaya maka sunanai yau, gobe in gaya ma wani sunan jikanka. Wanne kake so?"

Sandar ta tsaya. Can nesa ana jin shanu sun fara dawowa. Ardo ya kira wata yarinya ya ce a kawo tabarma.

A kan tabarmar Lawali ya shimfiɗa dabararsa. Ba za a ware Usama ba. Zai shiga rumfar shayi tare da sa'o'insa, a sa masa riga irin tasu, a yanka masa kazarsa, a yi masa guɗa. Abin da ya faru a cikin rumfa kuwa tsakanin wanzami ne da yaro, kamar kullum. Daga nan Lawali da kansa zai ɗauke shi zuwa inda za a yi aikin. Ardo ya tambaya ko yaron zai tashi daga barcin da likitoci ke sa mutane. Lawali ya ce rai na hannun Allah, amma ya ga yaran da suka fi shi ƙanƙanta sun tashi suna neman abinci, kuma zai zauna a ƙofar ɗakin har a fito da shi.

Ran Asabar aka kafa rumfar zana a bayan ruga. Yara suka shiga ɗaya bayan ɗaya, hannun Lawali bai yi rawa ko sau ɗaya ba. Usama ne na ƙarshe. Ya shigo ya datse haƙora ya rufe ido yadda aka koya masa, don kada a ce ɗan Fulani ya yi raki. Lawali ya durƙusa ya ce ya buɗe idonsa. Ya gaya masa nasa a birni za a yi, yana barci, ba zai ji komai ba sai bayan ya farka. Yaron ya yi tunani, sannan ya tambaya ko duk da haka za a ba shi kazarsa. Lawali ya ce har da ƙafafuwan. Ya zura masa rigar, ya riƙo hannunsa suka fito.

Ga mazan da ke tsaye ya ce aikin wannan yaro ya fi ƙarfin askarsa, zai kai shi inda za a ƙarasa. Aka fara kallon juna. Kafin wani ya buɗe baki Ardo ya ɗaga sanda ya ce yaron da aka haifa daban ai ba kowane hannu ke gama masa aiki ba, shi ya ba da izini. Mata suka rangaɗa guɗa. Lawali bai ƙara ba, bai rage ba.

Likita Ummulkhairi ta riga ta yi waya Sakkwato. Da dattijon likitan ya duba Usama, sai ya aika a kira masa ɗalibansa, da izinin Basharu. Ya ce musu su duba da kyau, ba kasafai yaro mai shekara shida ke zuwa daga ƙauye da fatarsa cikakkiya ba. Da a ce tun yana shekara ɗaya aka kawo shi da ya fi, amma da wannan akwai abin aiki. Ya waiwaya ya ga Lawali a bakin ƙofa riƙe da hularsa, ya gane shi, ya ce wa ɗaliban su gaishe da abokin aikinsu. Matasa takwas masu fararen riguna suka juyo suka rusuna. Lawali ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya kalli silin.

Awa uku aka yi a ɗakin tiyata, shiga ɗaya. Kwana goma yaron na kwance da siririyar robar fitsari, yana ƙorafin cewa madarar asibiti ruwa ce. Ranar da aka cire robar Basharu ya raka shi bayan gida ya yi fitsari. Basharu mutum ne da Lawali bai taɓa jin ya haɗa magana uku a jere ba. Ya fito ya kama wuyan hannun Lawali da hannu biyu, ya riƙe, leɓensa na motsi.

"Daidai, Baba," ya ce. "Daidai."

Binciken Likita bai ƙare ba har yau, kuma ta ce mai yiwuwa sai wasu sun ɗora a kan nata kafin a san dalili. Amma ta tara wanzamai talatin da ɗaya da ungozomomi a wani ɗaki a Kalgo, ta ba Lawali wuri a gaba. Bai iya tsayuwa gaban allo ba, sai ya sa aka fita waje, ya share ƙasa ya yi zanensa, Shamsuddeen na riƙe masa lema. Abu ɗaya ya roƙe su: idan sun warware zane sun ga haka, su yi addu'a, su naɗe aska, su nuna hanyar asibiti.

Ardo bai taɓa ce masa na gode ba, Lawali kuma bai jira ba. Bayan wata biyu, ran kasuwa, yana zaune a rumfarsa sai ga tsohon ya zo ya zauna a kan buzu ya cire hula, ya ce a rage masa abin da ɓarawo ya bari. Lawali ya jiƙa kan ya fara. Aska ta kai tsakiya kafin Ardo ya yi magana, idonsa a rufe.

"An haihu a rugar ƙanena, can bayan Ceberu. Namiji. Tsofaffi sun fara barka irin waccan."

"Ba gidana ba ne, Ardo."

"Na sani. Na gaya ma wanzaminsu kada shi taɓa komai sai ka gani. Ya ce shi ma kai yake jira."

Lawali ya goge askar a tafin hannunsa, ya karkata kan Ardo zuwa haske, ya tambaya ta wace hanya babur zai fi shiga, ta fadama ko ta tudu.